Tafiya da Ƙaramin Guzuri: Tarihin Saukar Baƙi a Ƙasar Auyo da Haɗejiya Tare da Misali Daga Malesiya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba tarihin wani irin matafiyi wanda ba safai masana tarihi sukan kula da shi ba, watau mai tafiya da ƙaramin guzuri. Yawancin abin da aka rubuta game da hanyoyin ƙasar Hausa ya fi karkata ne ga sarakuna da rundunoninsu, ko kuwa ga manyan attajirai da ayarinsu. Amma akasarin waɗanda suka taka waɗannan hanyoyi talakawa ne: ɗan koli, da almajiri, da ɗan ci-rani, da maniyyacin da ya doshi Gabas ba shi da komai sai sanda da buta da buzu. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce, me ya ɗauki nauyin waɗannan mutane har suka yi doguwar tafiya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba?

An ɗauki ƙasar Auyo da Haɗejiya don yin wannan nazari, saboda tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Kano da Barno, kuma a yau tana da abin kallo wanda duniya ta san da shi. Daga baya za a waiwayi ƙasar Malesiya, domin a wannan zamani in ana maganar yawon buɗe ido mai arha, ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya ne sukan fara zuwa a zuciya. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, arhar tafiya tana samuwa ne daga tanadin da mutanen ƙasa suka yi wa baƙo, fiye da yadda take samuwa daga tsimin matafiyin kansa.

Ƙasar da Hanyoyinta

Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka ba da kogin Haɗejiya, wanda ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Auyo da Haɗejiya, sa'an nan ya rarrabu cikin fadama. A wajen Gashuwa ruwansa ya haɗu da na kogin Jama'are, suka zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tabkin Cadi. A watannin Agusta da Satumba ruwa yakan malale fadamar, in ya janye kuma ya bar danshi da kifi da ciyawa. Saboda haka matafiyin da ya bi wannan kwari da rani ba ya rasa ruwan sha, dabbarsa kuma ba ta rasa abinci.

Auyo tana cikin tsofaffin garuruwan wannan yanki. Labarin baka ya nuna cewa 'yan'uwa uku ne da suka fito daga Bagarmi suka kafa Auyo da Tashena da Shira. Auyokawa suna da harshensu na kansu, wanda masana suka sa shi a rukuni ɗaya da Badanci da Ngizimanci, amma ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Kafin jihadi, Auyo da maƙwabtanta irin su Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi suna ƙarƙashin Barno ne, ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. A farkon ƙarni na 19 Umaru da Sambo, 'ya'yan Arɗo Abdure, suka karɓo tuta, kuma wajen 1808 aka haɗe waɗannan garuruwa cikin masarauta ɗaya mai hedkwata a Haɗejiya. Daga nan ƙasar ta zama bakin iyakar Daular Sakkwato ta gabas, tana fuskantar Barno.

Kayan da suke kai da kawowa a kan wannan iyaka sanannu ne. Daga gabas akan kawo kanwa da mangul da shanu da dawakai da busasshen kifi, daga yamma kuma tufafin Kano da goro da kayan koli. Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Akwai ta arewa mai bi ta Gumel da Macina, akwai ta tsakiya mai bin kwarin kogi ta Haɗejiya ko Katagum, akwai kuma ta kudu. A ƙarshen 1823 Kyaftin Clapperton da Likita Oudney suka taso daga Kukawa suka bi gaɓar Yobe zuwa Katagum. Oudney ya rasu a Murmur a watan Janairu 1824, Clapperton kuwa ya ƙarasa Kano a cikin wannan watan.

Abin da Ya Ɗauki Nauyin Matafiyi

In aka duba da kyau, za a ga abubuwa huɗu ne suka tallafi talaka a kan hanya.

Na farko shi ne masauki. Baƙon da ya iso gari da almuru yakan nufi ƙofar mai gari ko ta limami, a ba shi zaure ya kwana, maƙwabta su aiko da akushi. Wannan al'ada tana da tushe a addini, domin Hadisi ya nuna cewa liyafar baƙo kwana uku ce. Ɗan kasuwa kuwa yana da fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an yi ciniki bashi. Fatoma ba ya karɓar kuɗin kwana. Ribarsa tana cikin la'adar da za a fitar in an yi ciniki, watau kasuwa ce take biyan kuɗin masaukin. Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a Sabon Ibadan sun bayyana yadda Hausawa suka kai wannan tsari har ƙasashen kurmi.

Na biyu shi ne ayari. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar wa kansa masu tsaro, ba ya kuma iya yin ciniki da kowane sarki a kan kuɗin wucewa. Amma in ya shiga ayari, madugu ne zai yi magana da sarakuna, jagaba ya nuna hanya ya zaɓi zango, a kuma raba kuɗin fito a tsakanin jama'a. A ƙasa mai rafuka da yawa irin wannan, inda ake ƙetarar da mutane da kaya a kwalekwale ko a kan manyan goruna, wannan rabo ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Na uku shi ne aiki a kan hanya. Matafiyin Bahaushe bai cika ɗaukar guzurin da zai kai shi ƙarshen tafiya ba. Sana'arsa ita ce guzurinsa. Wanzami yana da zabirarsa, maɗinki yana da allurarsa, malami yana da allo da tawada. Wanda ba shi da sana'a kuwa sai ya yi ƙodago. Fadamar Haɗejiya ta dace da wannan ƙwarai, domin lokacin da aikin gona ya ƙare a tudu, a nan ake yankan shinkafa, ana su, ana banda, ana yankan kaba, ana kuma noman rani.

Na huɗu shi ne zakka da sadaka. Aya ta 60 a cikin Suratut Tauba ta sanya ɗan hanya, watau matafiyin da guzuri ya yanke masa, cikin mutane takwas da suka cancanci zakka. Saboda haka baƙon da ya nemi taimako haƙƙinsa yake nema, kuma jama'a sun san da haka.

Sai dai dukkan waɗannan huɗu suna tsaye ne a kan abu guda, shi ne amincin hanya. Labarin Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya isa misali. Barth ya bar Kano a watan Maris 1851 bashi ya yi masa katutu, da 'yan rakiya kaɗan, ya bi ta Gumel da Macina da Bundi, ya isa Kukawa a farkon Afrilu. A lokacin ana cikin rikicin sarautar Haɗejiya tsakanin Buhari da ɗan'uwansa Ahmadu, kuma labarin Buhari ne yake ta ji a bakin mutane a hanya. Da ya sake biyowa a 1854 sai ya tarar yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar Gumel da ya gani a raye shekara uku da suka wuce. Duk yadda tarihi zai auna jaruntakar Buhari, wanda ya yi tsayayya da Sakkwato har rasuwarsa a ƙasar Bade a 1863, abin da ya tabbata shi ne a lokacin yaƙi ƙaramin matafiyi ne yake fara barin hanya, tun da ba shi da abin fansar kansa.

Alhazan Ƙasa

Babu inda wannan tsari ya nuna ƙarfinsa kamar a tafiyar aikin Hajji ta ƙasa. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 da yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara, jama'a masu yawa suka yi hijira zuwa Gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sannar, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Wannan gari da wasu irinsa suka zama zango ga waɗanda suka biyo baya.

Maniyyaci yakan bi ta Barno, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, ya wuce Abeshe da Janaina da Fashir har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Daga nan sai Sawakin, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin a kowane zango sai an tsaya an yi noma ko sana'a an tara na gaba. Bayan an gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai tsinkar auduga ta zama babbar hanyar samun guzuri. Wasu suka sauke farali suka komo, wasu kuwa suka zauna can har jikoki, su ne ake kira Fallata a Sudan, Takari a Hijaz. Umar al-Naqar a 1972, da John Works a 1976, da J. S. Birks a 1978, da Bawa Yamba a 1995, duk sun rubuta littattafai a kan waɗannan bayin Allah. Abin da ya fito fili a ayyukansu shi ne, Bahaushe yakan sauka ne a hannun Bahaushe tun daga gida har bakin teku.

Yadda Hanya Ta Kauce

A watan Afrilu 1906 sojojin Ingila suka auka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Abin da ya biyo baya ya sake fasalin tafiye-tafiye baki ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma ja reshe zuwa Nguru wanda aka gama a 1930. Wannan reshe ya bi ta arewacin kogi, ta Malam Madori, saboda haka ciniki ya koma bakin tasha. Babbar hanyar mota daga Kano zuwa Maiduguri kuma ta bi ta kudu, ta Birnin Kudu da Potiskum da Damaturu. Ke nan aka bar kwarin kogin a tsakiya, ruwan da ya jawo ayari a dā shi ne kuma ya kori injiniyoyin hanya.

Haka nan tafiyar Hajji ta koma mota, daga baya kuma jirgin sama daga Kano, har Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Tafiyar shekaru ta zama ta awoyi, wannan kuwa rahama ce babba. Amma wani abu ya sake: a dā mutum yana biyan kuɗin tafiya da guminsa a kan hanya, yanzu kuwa sai ya tara kuɗin gaba ɗaya kafin ya motsa. Wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi sai ya zauna gida.

A wannan zamani ne kuma tafiya don ganin ƙasa kawai ta shiga rubutun Hausa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Amma duka biyu labarin ƙasashen waje suke bayarwa. Ɗan boko ya koyi cewa abin kallo yana ƙetaren teku.

Sabon Baƙo a Fadama

Ana nan sai ga wani sabon baƙo ya ɓullo a ƙasar Haɗejiya, wanda tsuntsaye suka kawo shi. A kowace shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu ɗimbin yawa sukan gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka a wannan fadama tare da na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru, a 1989 kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona. A shekarar 2000 aka sanya tabkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona suka shiga a 2008, sa'an nan a 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin da ya cancanci kiyayewa ta musamman.

To, amma a daidai wannan lokaci ne ruwan kansa ya shiga wani hali. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun canja yadda kogi yake cika da yadda yake janyewa. Ruwan da ake saki duk shekara ya ba kacala damar toshe mashigai, wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu kuma ruwa ya ci gonakinsu. Ƙasar Auyo tana tsakiyar wannan al'amari, domin a nan ne aikin noman rani na kwarin Haɗejiya yake, wanda aka gyara aka ƙaddamar a Janairu 2023, ita ce kuma take cikin wuraren da ambaliya ta yi wa ɓarna a 2022. Har ila yau rikicin Arewa maso Gabas da ya faro a 2009 ya sa baƙin ƙasashen waje sun ja da baya, abin da ya sake tabbatar da darasin zamanin Barth.

Misalin Malesiya

A 1975 Tony da Maureen Wheeler, masu kamfanin Lonely Planet, suka buga littafin jagora ga mai son zagaya Kudu maso Gabashin Asiya da kuɗi kaɗan. Samarin Turai da Ostareliya suka riƙa bin hanyar da ta taso daga Bankok ta bi ta Penang da Kwala Lamfur zuwa Singafo. Littafin bai ƙirƙiro komai ba. Ya nuna musu ne abin da mutanen ƙasa suka riga suka tanadar wa kansu: jirgin ƙasa da motocin haya masu arha, ƙananan masaukai, da masu sayar da abinci a bakin titi.

Abubuwa biyu da Malesiya ta yi sun shafi zancenmu kai tsaye. Na farko ya danganci Hajji. Manoman Malesiya sun saba sayar da gona ko dabba don su sami kuɗin jirgi, su komo gida cikin talauci. A 1959 masanin tattalin arziki Ungku Abdul Aziz ya ba da shawarar kafa asusun da maniyyaci zai riƙa tara kuɗi a hankali ba tare da riba ba, aka kuma soma aiki da shi a 1963. Shi ne Tabung Haji. Watau da tafiya ta koma ta dunƙulallen kuɗi, sai suka nemo wa talaka hanyar dunƙula shi. Hukumar alhazai ta Nijeriya ta ƙaddamar da irin wannan asusu tare da Bankin Jaiz a 2020, shekara 57 bayan na Malesiya.

Na biyu shi ne tsarin saukar da baƙo a gidan ƙauye, wanda gwamnati ta ƙaddamar a 1995. Hukuma takan duba gida ta yi masa rajista, a horar da mai gidan, baƙo kuma ya biya kuɗi kaɗan ya kwana, ya ci abin da iyali suke ci, ya ga yadda ake noman shinkafa da su. Misalin da ya fi kama da namu yana jihar Sabah, a fadamar kogin Kinabatangan. Mutanen Batu Puteh sun fara irin wannan aiki a ƙarshen shekarun 1990, daga baya suka kafa ƙungiyar gama-kai. Su ne masu masauki, su ne masu jiragen ruwan da ake shiga don kallon birai da tsuntsaye, su ne kuma 'yan jagora. Cikin ayyukan ƙungiyar har da dasa itatuwa da kwashe wata baƙuwar ciyawa da ta rufe musu tabki. Duk wanda ya san abin da kacala ta yi wa masuntan Marma zai gane muhimmancin wannan.

Lalle ne a yi hattara wajen kwatance. Baƙi fiye da miliyan 26 ne suka shiga Malesiya a 2019, amma kaso mafi girma daga Singafo suka fito, maƙwabciya mai arziki wadda mota take kaiwa. Annobar 2020 kuma ta nuna haɗarin dogara ga baƙon waje, domin da aka rufe iyakoki sai masaukai suka zama kango. Yawan baƙi ma yana da tasa illar: a 2018 dole ta sa Tailan ta rufe gaɓar Maya saboda ɓarnar da cinkoso ya yi, ba a buɗe ta ba sai 2022.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abin da Malesiya ta tsara a 1995 ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zaure da fatoma da jagaba da mai fito duk mun san su tun kafin zuwan Turawa. Bambancin shi ne, su sun ba tsohuwar al'ada rajista da horo da farashi sananne, mu kuwa muka bar tamu ta bi ayari ta tafi.

Saboda haka wannan takarda tana ganin cewa baƙon da ya kamata ƙasar Auyo da Haɗejiya ta fara yi wa tanadi shi ne na gida mai ƙaramin guzuri: ɗaliban Jami'ar Bayero, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa maƙwabciyar Auyo, da 'yan makarantun sakandare, da ma'aikacin da ya sami hutu. Abin da za su gani yana nan: ragowar ganuwar Haɗejiya da wuraren yaƙin 1906, da hawan salla, da kasuwar kifi, da gonakin shinkafa da alkama na Auyo, da tsuntsayen Baturiya. Abin da suke bukata kuwa bai wuce ɗaki mai tsabta, da abinci, da kwalekwale mai lafiya, da ɗan gari wanda ya san sunan tsuntsu da tarihin kufai ba. Kuɗin irin wannan baƙo kaɗan ne, amma a hannun masunci da mai abinci da mai gida yake faɗawa, wanda kuwa yake cin abinci daga fadama shi ne zai fi kowa tsaron ta.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan malaman tarihi da na harshe. Tsofaffin da suka ga ƙarshen zamanin ayari, ko suka ji labarin Hajjin ƙasa daga bakin iyayensu, suna ta ƙarewa. Ya kamata sassan jami'o'inmu su tura ɗalibai su tattara sunayen zanguna da mashigai da gidajen fatoma na wannan ƙasa, a zana su a taswira tun da sauran masu nunawa. Auyakanci ya ɓace ba a rubuta shi yadda ya kamata ba, bai kyautu tarihin hanyoyin Auyo ya bi sahunsa ba. Allah ya sa mu dace.